Abin da Na Ƙara a Layin Farko

'Ya'yana, kun taso kuna jin cewa babanku ya lalata kwamfutar Alhaji Ɗanlami a Yelwa, shi ya sa aka sallame shi daga aiki. Ke Sadiya har kuka kika yi ranar da wata 'yar ajinku ta faɗa miki haka a gaban mutane. Ban taɓa musa maganar ba, domin akwai gaskiya a cikinta. Sai dai ba a faɗa muku ita duka ba. Tunda yau Allah ya sa ina riƙe biro da hannuna, ba sai na je na zauna gaban wani ya rubuta mini ba, zan faɗa muku abin da na taɓa, da dalilin da ya sa na taɓa shi, da abin da ya sa ban ɓoye ba alhali ina da hanyar ɓoyewa.

Na haura shekara arba'in ban san boko ba. Aikina tun ina saurayi shi ne aike. Na yi wa 'yan kasuwar Wunti, daga baya Alhaji ya ɗauke ni masinja a shagonsa na buga takardu da ke kusa da jami'a. Kada ku ɗauka masinjan da bai iya karatu ba yana ɓatar da saƙo. Ina da dabaruna. Ambulan ɗin da za a kai farko in lanƙwasa masa kusurwa ɗaya, na biyu kusurwa biyu, wanda aka ce a danƙa hannu da hannu in sa shi a aljihun ƙirji. Kuma akwai ƙa'idar da na riƙe tun farko, ba wanda ya koya mini ita sai aikin kansa. Abin da aka ba ka a ɗaure, ka kai shi a ɗaure. Masinja ba ya kwance ƙunshi a hanya don ya ga ko abu ɗaya ne a ciki ko biyu.

A shagon ana yin fotokofi, ana ɗaure wa ɗalibai littattafansu, amma babban aikin da Alhaji ke ji da shi shi ne katin sakamako. Wasu ƙananan makarantu na cikin gari suna kawo makin yaransu a ƙarshen kowane zango, a buga wa kowane yaro katinsa. Makarantarki, Sadiya, tana cikinsu. Wadda ta tsara wannan aiki ita ce Rifkatu, 'yar kudancin jiharmu ce, ta yi karatun kwamfuta a jami'a. Ta samu wata tsohuwar kwamfuta da aka jingine a ɗakin baya, ta sa mata manhajar da ake kira Linux, ta rubuta wani fayil na umarni ta sa masa suna kati. Tana aiki tana rera waƙar coci a hankali, in an kira salla ta yi shiru da kanta har a idar. Ita kaɗai ta san cikin wannan kwamfuta.

A shekarar ne na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Gwallaga, bayan la'asar, kwana uku a mako. Muna zama a kan bencin yara, gwiwoyinmu na dukan tebur. Ban faɗa wa kowa a wurin aiki ba. Wata rana na manta littafina a kan kujera, Rifkatu ta ɗauka.

"Baba Hamisu, littafin wa ye wannan?"

"Na Sadiya ne, Madam."

"To, Sadiya ce ta rubuta Hamisu sau ashirin a bayansa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera kusa da tata ta ce in zauna, wai haruffan da ke kan madannan kwamfuta manya ne, sun fi na littafi sauƙin gani. Daga ranar, duk lokacin da babu aike kuma babu mutane, ina ɗakin baya. Cikin 'yan watanni na iya kunna aikin katin da kaina. Akwai wani baƙin allo da ake rubuta umarni a kai. In rubuta sunan fayil ɗin, in bar fili, in rubuta sunan makaranta, in bar fili, in rubuta aji, sannan in bi da wasu 'yan alamomi da ta rubuta a takarda ta manna a bango, waɗanda ke adana kwafin sunayen yaran da aka gama. Sai firinta ta fara aiki.

Abu ɗaya ne ke damuna. In na kunna aikin, allon yakan yi shiru har sai an gama ajin duka, sannan sunayen yaran su zubo gaba ɗaya su wuce sama kafin in karanta ko guda. Amma in Rifkatu tana gwaji, ba ta fara da sunan fayil ba. Takan fara rubuta python3, ta bar fili, ta rubuta -u, sannan sauran. Sai sunayen su riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya tsaya jim kaɗan kafin na gaba ya zo. A wannan 'yar tsayawar nake karanta su. Amina. Bulus. Ɗahiru. Nan ne makarantata ta gaskiya. Ta ce mini ƙaramin harafin nan yana gaya wa mai aikin kada ya tara magana a baki, ya faɗe ta da zarar ta samu. Burina a lokacin ɗaya ne, kuma ban faɗa wa kowa ba. Ina so in zangon ya ƙare, in ga sunan Sadiya Hamisu ya sauko a allon nan shi kaɗai, in karanta shi da kaina.

Wata rana ta buɗe cikin fayil ɗin ina gefenta. Layuka ne da yawa da ban gane ba, amma na saman ya bambanta da sauran. Ga shi yadda yake, na haddace shi kamar sunana:

#!/usr/bin/env python3

Na nuna da yatsa na ce, "Madam, wannan na sama fa? Na ga sunan mutumin nan naki a ƙarshensa."

"Wannan layin ba nasa ba ne, Baba. Na masinja ne."

"Kwamfuta ma tana da masinja?"

"Tana da shi, kuma ya fi ka taurin kai. Ana ce masa kanel. Shi ne zuciyar manhajar, duk abin da za a kunna sai ya bi ta hannunsa. Amma bai iya karanta rubutun nan nawa ba, sai an samo masa tafinta. In ka kira fayil ɗin, sai ya leƙa alamomi biyun farko kawai. In ya ga su, ya san layin nan adireshi ne. Sai ya ɗauki kalmar farko, wannan shi ne wanda zai je wurinsa. A nan jagora ne, aikinsa ya nemo inda tafinta yake, wato mutumin nan da ka gani a ƙarshen layin. Duk abin da ya saura a layin, kanel ya ɗaure shi ƙunshi ɗaya ya miƙa. Bayansa ya miƙa sunan fayil ɗin. Bayansa ya miƙa abin da ka rubuta, makaranta da aji, kowanne daban. Kullum haka, ba ya sauya jeri."

"Ƙunshi ɗaya," na ce.

"Ƙunshi ɗaya, ko..."

Sai wani ɗalibi ya leƙo yana ihun an juya masa shafi a ɗaurin littafinsa, ta tashi ta fita. Maganar ta tsaya a nan. Na riƙe kalmomin, amma ban riƙe ma'anarsu ba. Abin da ya zauna a kaina shi ne, sunan tafinta yana ƙarshen layin, kuma akwai fili a gabansa.

Ana saura mako ɗaya a rufe makarantu aka aiko wa Rifkatu cewa mahaifiyarta ba lafiya a ƙauye. Ta nemi izinin kwana goma. Alhaji bai so ba, domin lokacin katin ya zo, amma ta ce masa komai a shirye yake, Kabiru zai iya kunnawa. Kabiru ƙanin matar Alhaji ne, magidanci, shi ke kula da gaban shago. Ya iya buga wasiƙa da tsara katin biki, kuma ya daɗe yana ganin bai kamata a ce mace baƙuwa ce ke riƙe da aikin da ya fi kowane muhimmanci a shagon mijin yayarsa ba. Ta tafi ranar Alhamis da hantsi.

Da yammacin ranar na shiga ɗakin baya in share. Na zauna. Na ce a raina, Kabiru ne zai kunna aikin, kuma ba zai rubuta harafin nan ba, sunayen za su zubo su wuce. Amma in na sa shi a layin farko, duk wanda ya kunna, sunayen za su sauka ɗaya-ɗaya, ni kuma ina tsaye a baya da tsintsiyata in karanta. Na buɗe fayil ɗin yadda na ga tana yi. Na je ƙarshen layin, na bar fili, na rubuta -u, daidai yadda take rubutawa, ban ƙara ba ban rage ba. Na adana. Ina shirin gwadawa aka ɗauke wuta, kuma ba a tayar da janareta don ɗakin baya. Na rufe ƙofa na tafi aji, zuciyata fari ƙal. Har na ji daɗin kaina a keke.

Ranar Litinin makarantu suka kawo maki. Kabiru ya zauna, ya gyara hula, ya kwafi abin da ke jikin bango. Firinta ba ta motsa ba. Layi ɗaya na Turanci ya fito a allo. Ya sake, layin ya sake fitowa. Ya kashe kwamfutar ya kunna, haka dai. Ya kira Rifkatu, ƙauyensu ba sabis. Da Alhaji ya iso, Kabiru ya tare shi tun daga bakin ƙofa.

"Yaya, ai na faɗa maka. Kwamfuta ta ce babu fayil ɗin. Ta goge wani abu kafin ta tafi."

"Don me za ta goge?"

"Don a san ba a iya komai sai da ita. In ta dawo ta buɗe, ta ce maka ga sharaɗinta."

Alhaji mutum ne mai haƙuri a kan abubuwa da yawa, amma ba ya haƙuri da abin da zai ba shi kunya a gaban wanda ya yi wa alkawari. Hedimastoci za su zo karɓar kati ranar Alhamis, a raba wa yara ranar Juma'a. Ya sa Kabiru ya buga takardar sallama da sunan Rifkatu, ya sa hannu, ya ajiye ta a kan teburinta, ya ɗora abin huda takarda a kai.

"In ta dawo ta tarar da ita a nan," in ji shi.

Ku yarda da ni, a ranar ban zargi kaina ba ko kaɗan. Abin da na rubuta shi ne abin da na ga tana rubutawa sau ba adadi, kuma yana aiki. Na dai yi baƙin ciki, domin na san Rifkatu ba za ta yi abin da aka ce ta yi ba.

Washegari da safe Kabiru ya sake gwadawa, ya yi tsaki, ya fita shan shayi ya bar allon a kunne. Na jingine tsintsiya na matsa. Kabiru ya iya karatu sosai, shi ya sa yake kallon layi sau ɗaya ya wuce. Ni ban iya haka ba. Ni sai na ɗora yatsa na bi harafi-harafi, kamar yadda malaminmu na aji ya koya mana, ba a tsallake ko ɗigo. Ƙarshen layin na san shi, Rifkatu ta taɓa fassara mini, yana nufin ba a samu abin da ake nema ba. Amma mene ne ba a samu ba? Na koma farko. Na ga sunan jagora. Na ga wata 'yar alama a sama kamar waƙafi, sannan sunan tafinta, sannan fili, sannan harafina, sannan wata 'yar alamar ta rufe. Alamomin biyu sun rungume sunan da abin da na ƙara, sun haɗe su wuri ɗaya.

Ƙunshi ɗaya.

A baƙin allo, in mutum ya rubuta umarni, akwai mai karɓa da ke raba kalmomi a duk inda ya ga fili kafin ya miƙa wa kanel, shi ya sa nata yake aiki. A layin farko babu wannan mai rabawa. Kanel ne da kansa ke ɗauka, shi kuwa ba ya kwance ƙunshi. Ya ɗauki sunan tafinta da saƙona a ɗaure, ya miƙa wa jagora. Jagora ya ɗauka duk suna ne, ya zagaya yana neman mai wannan dogon suna, bai samu ba, ya dawo ya faɗi gaskiya. Babu wanda ya goge komai. Masinjan kwamfuta ya yi abin da ni kaina nake yi fiye da shekara ashirin, kuma nake alfahari da shi. Ni ne na cusa saƙo a wurin da ake rubuta suna.

Gyaran ba zai ɗauke ni minti ɗaya ba. Hannuna har ya kai kan madannai. Amma idona ya faɗa kan takardar da ke ƙarƙashin abin huda takarda. Na ga yadda abin zai kasance. Kabiru zai dawo daga shayi ya gwada, ya ga ya yi, ya fita da gudu ya ce ya buɗe abin da ta kulle. Katin zai fita, Alhaji zai fita kunya, ni in ci gaba da shara, takardar kuma ta ci gaba da jiran Rifkatu a kan tebur. Na janye hannuna. Ban gyara ba, ban kuma yi magana ba. Na yi aikena na ranar kamar marar lafiya.

Da na koma gida, bayan magariba muna cin tuwo a tsakar gida, na faɗa wa mahaifiyarku da Yaya Asabe, yayata da kuka sani, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. Ku kuna ɗaki kuna rigimar fitila. Mahaifiyarku ta ajiye ludayi.

"Malam, ka ce kai kaɗai ka sani?"

"Ni kaɗai."

"To ka je da sassafe ka cire abinka ka yi shiru. In aiki ya tafi, fushin Alhaji zai sauka. Ita mai ilimi ce, ko an sallame ta gobe za ta samu wani wurin. Kai fa? Wa zai ɗauki masinja mai furfura? Yara huɗu gare ka."

"Za ta samu wani wurin da sunan wadda ta kulle wa maigidanta aiki ta gudu? Yelwa ƙarama ce, Hajara. Kafin ta sauka daga mota kowane shago ya ji."

"Ni dai na faɗa maka. Da ka tsaya a tsintsiyarka da duk wannan bai faru ba."

Kada ku ga laifin mahaifiyarku. Ita ke tsaye a gaban murhu, ita ta san abin da tukunya ke ci. Yaya Asabe ta gama suɗe hannunta, sannan ta dube ni.

"Hamisu, yarinyar nan ita ce ta zaunar da kai a kujera?"

"Ita ce, Yaya."

"Ta tambaye ka wani abu kafin ta zaunar da kai?"

"Ba ta tambaya ba."

"To." Ta miƙa wa mahaifiyarku kwano. "A ƙara mini miya."

Ta ci gaba da cin tuwonta.

Ranar Laraba na riga kowa zuwa. Na jira Alhaji ya zauna, Kabiru na tsaye a gefensa yana ba shi shawarar a kwashe makin a buga katin ɗaya-ɗaya da hannu, aikin da ba zai ƙare ba ko a mako biyu. Na cire takalmi na durƙusa.

"Alhaji, Madam ba ta goge komai ba. Ni na taɓa fayil ɗin ranar Alhamis. Kuma na san abin da ya same shi."

Kabiru ya fashe da dariya. "Ikon Allah! Yau masinja zai koya mana kwamfuta. Baba, ka gama haddace abacada ɗin?"

"Na kusa, Malam Kabiru. Shi ya sa nake karantawa a hankali."

Alhaji ya ɗaga masa hannu. Muka shiga ɗakin baya mu uku. Ban ji tsoro ba, wannan ya ba ni mamaki har yau. Na ɗauki ambulan a kan tebur na nuna masa.

"Alhaji, in ka rubuta Malam Sani a bayan ambulan ka ba ni, ka ce da baki in gaya masa ya hanzarta, zan kai. Amma in aka rubuta sunan da saƙon a haɗe a wurin suna, aka ba wanda ba ya tambaya, zai shiga unguwa yana neman gidan Malam Sani Ya Hanzarta. Ba zai samu ba. Haka na yi wa kwamfutar nan. Masinjanta yana ɗaukar kalmar farko ta layin nan, sauran duka ya ɗaure su ƙunshi ɗaya. Ni na ƙara abu a cikin ƙunshin."

Na buɗe fayil ɗin, na nuna musu wurin. Na danna madannin gogewa sau uku, harafin ya tafi, 'yar sandar ta tafi, filin ya tafi. Na adana. Na rubuta sunan fayil, makaranta, aji, da alamomin bango. Allon ya yi shiru. Kabiru ya buɗe baki zai yi magana, sai firinta ta yi kukan nan nata ta ja takarda.

Alhaji ya ɗauki katin farko ya duba gaba da baya.

"Wa ya ba ka izinin taɓawa, Hamisu?"

"Babu kowa, Alhaji."

"Me kake nema a ciki?"

"So nake sunayen yara su riƙa fitowa ɗaya-ɗaya in karanta."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Sannan ya ce, "Kwana biyu ban ci abinci da daɗi ba. Na kusa zaluntar 'yar mutane saboda kai. Yau ka taɓa abin da ka iya gyarawa. Gobe in ka taɓa wanda ba ka iya ba fa? Ka tsaya a gama aikin nan, gobe ka taya hedimastoci ɗauka, sannan ka ajiye mini makulli."

"Na ji, Alhaji. Takardar Madam fa?"

Ya miƙa hannu ya zaro ta daga ƙarƙashin abin huda takarda, ya yaga ta biyu, ya sake yagawa, ya miƙa wa Kabiru ya ce ya zuba a kwandon shara. Ni na saba zubar da sharar, amma ranar Kabiru ne ya kai.

Ban taɓa cewa Alhaji ya zalunce ni ba, kuma kada in ji ɗayanku ya faɗa. Kayansa ne na taɓa ba da izini ba, kuma na adana abin da ban gwada ba. Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku, ko da ba ku gane ba a lokacin. Na koma Wunti ina dako da wannan bayan nawa, wata da watanni, kafin in samu gadin makarantar da nake yi yanzu, wanda aka ba ni don na iya rubuta sunan baƙo a littafin ƙofa. Shekarar ce ba a yi muku ɗinkin salla ba. Bashir, shekarar ce ka bar zuwa makaranta a keke ka koma tafiya a ƙasa.

Rifkatu ta dawo, mahaifiyarta ta samu sauƙi. Ta je ta roƙi Alhaji ya mayar da ni aiki har sau biyu, ya ce ya riga ya yi magana. Sai ta zo har nan Gwallaga da ƙullin acca, ta yi ta tambaya har aka nuna mata gidan. Na zaci godiya za ta yi. Ko zama ba ta gama yi ba ta hau ni da faɗa.

"Baba Hamisu, sau nawa na ce maka in ka canza abu ka gwada kafin ka tashi?"

"An ɗauke wuta, Madam."

"Sai ka mayar da shi yadda yake da safe! Kuma da ka tambaye ni, ai akwai hanyar da ake sa wannan umarnin a cikin fayil ɗin, ba a layin masinja ba." Ta share ido da bakin gyalenta. "Amma wa ya gaya maka baƙin allo yana raba kalmomi? Ban kai nan ba aka katse mu."

"Ba wanda ya gaya mini. Na ga naki ya yi, nawa bai yi ba, kuma kalmomin iri ɗaya ne. Sai na ce to lallai hannun da ya ɗauka ne ya bambanta."

Ta juya wurin mahaifiyarku ta ce, "Mama, akwai waɗanda muka gama jami'a tare ba su san wannan ba."

Mahaifiyarku ta ce, "Allah ya sa a ci da shi," ta shiga ɗaki ta kawo mata ruwa.

Na bar ranar Juma'ar makon nan a ƙarshe da gangan. Ban ga sunanki ya sauko shi kaɗai a allo ba, Sadiya. Ranar Laraba ya zubo cikin sauran ya wuce, ko inuwarsa ban kama ba. Ranar Juma'a ina zaune a tsakar gida, rana ta farko da ba ni da wurin zuwa, mahaifiyarku tana tankaɗe ta juya mini baya, kwana uku ke nan ba ta ce mini komai ba sai "ga abinci". Kika shigo da katinki, kika ajiye jaka, kika nufi ƙofa za ki kai wa Malam Isa maƙwabci ya karanta mana, yadda muka saba tun kina aji ɗaya.

Na ce, "Kawo nan."

Kika tsaya kina kallon mahaifiyarku. Na karɓa, na ɗora yatsa. Na karanta sunanki, da nawa a bayansa. Na karanta darussan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya hanzarta ni. A ƙasa akwai wurin da malamarku ke rubuta ra'ayinta da Hausa don iyaye, na bi shi har ƙarshe da ƙarfi: tana da ƙoƙari, amma surutunta ya yi yawa a aji.

Rariyar ta tsaya a hannun mahaifiyarku. Ta juyo.

"Malam, da gaske haka aka rubuta? Malam Isa kullum cewa yake an ce yarinyar kirki ce."

"Ga shi nan, Hajara. Surutunta. Ya. Yi. Yawa."

Kika ce wallahi Bilkisu 'yar ajinku ce ke jan ki da magana. Yaya Asabe ta yi dariya har da tari. Mahaifiyarku ta karkaɗe garin hannunta, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da ni, ta ce in sake karantawa daga farko, kuma kada in tsallake komai.